Hukuncin koyon kareti don kare kai da neman ɗamarar girma

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tela ne mai shekara 22, ina zaune a Tudun Wada a nan Kaduna. Bara 'yan shara suka tare ni bayan Isha'i, suka ƙwace mini waya, suka yanke ni a hannu. Da na warke sai na shiga ajin kareti, yanzu wata takwas ke nan, har na bar farar ɗamara na samu ruwan ɗorawa, kuma akwai jarrabawar ƙarin girma a wata mai zuwa. Kawuna ya ce in bari, wai ɗamarar irin ta kafirai ce da littattafan fiƙihu suka hana, wai kuma muna yi wa hoto sujada. Gaskiya muna sunkuyawa a bakin ƙofa da gaban abokin karawa, kuma kafin a fara mukan durƙusa a sahu, mu dafa ƙasa, mu sunkuyar da kai wajen hoton wani tsoho ɗan Japan. Mene ne hukuncin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya mayar maka da mafi alherin abin da aka ƙwace.

Koyon kareti a kan kansa halal ne, domin asalin al'amuran duniya halacci ne har sai dalili ya zo da hani, kuma a nan dalilan da suka zo ƙarfafawa suke yi. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, alhali kowannensu yana da alheri. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallaci, Annabi (SAW) yana tsaye Nana A'isha tana kallo ta bayansa. Kasancewar wasan ya fito daga tsibirin Okinawa na Japan ba ya haramta shi, kamar yadda keken ɗinkin da kake takawa ba a Makka aka ƙera shi ba. Sunan kansa ma'anarsa hannu babu komai, wato faɗa ba tare da makami ba.

Maganar kawunka a kan ɗamara tana da tushe a littafi, sai dai an ɗora ta a wurin da ba nata ba. Abin da yake nufi shi ne zunnar, igiyar da Nasara suke ɗaurawa a ƙugu a zamanin da don a shaida addininsu, wadda Shehu Khalil ya ambaci ɗaura ta a babin ridda na Mukhtasar. Dalilin hukuncin shi ne kasancewar zunnar alamar addini, har wanda ya ɗaura ta da son ransa ya zama kamar ya shelanta barin Musulunci. Ɗamarar kareti kuwa sheda ce ta matakin karatu. Jigoro Kano, malamin makarantar da ya kafa wasan judo a 1882, shi ya fito da tsarin darajojin, Gichin Funakoshi kuma ya ara ya sa a kareti bayan ya kai wasan Tokyo a 1922. Matakan ƙasa ana ce musu kyu, ana ƙirga su da baya har a kai ɗaya, daga nan a shiga matakan sama da ake ce wa dan, masu baƙar ɗamara, launukan da ke tsakani kuma kowace makaranta da nata jeri. Babu wanda zai gan ka da ruwan ɗorawa a ƙugu ya ce ga mabiyin addinin kaza, abin da zai ce shi ne ga sabon shiga. Don haka hukuncinta hukuncin anini ne a kafaɗar soja. Kuɗin jarrabawa ma ladan koyarwa ne da tantancewa, ba caca ba ce. Abin da nake jan kunnenka a kai shi ne sayen ɗamarar da ba ka cancanta ba, ko ta hanyar sanayya ko ta ƙarin kuɗi, domin Annabi (SAW) ya ce mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafin ƙarya biyu ne, kuma wannan ƙaryar tana iya jawo maka sara a ranar da ka gaskata ta a gaban mai wuƙa.

Inda kawunka ya yi gaskiya shi ne sunkuyawa, kuma nan ne ya kamata mu daɗe. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) ko ɗayanmu zai sunkuya wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, ya ce a'a, da ya tambayi musafaha kuma ya ce e. Lokacin da Mu'azu ɗan Jabal ya dawo daga Sham ya yi wa Annabi sujada, yana kwaikwayon abin da ya ga ana yi wa manyan limaman Nasara, Annabi ya hana shi, alhali girmamawa Mu'azu ya nufa, bai nufi bauta ba. Daga nan malamai suka fahimci cewa kyakkyawar niyya ba ta halatta siffar. Na san masu koyar da wasan suna cewa a Japan sunkuyawa gaisuwa ce kawai, kuma ban ƙaryata su ba, amma shari'a ta keɓe ruku'u da sujada ga Allah, sujadar gaisuwa da 'yan'uwan Annabi Yusuf suka yi kuma an shafe ta a shari'armu.

Sai dai abubuwan da ka lissafa ba matakinsu ɗaya ba. Ɗan rusunar da kai da kafaɗa a tsaye, wanda bai kai hannu ya iya dafa gwiwa ba, malamai da yawa sun tsaya a kan karhancinsa, wasu kuma sun haramta saboda zahirin hadisin Anas. Idan ya kai haddin ruku'u to haramun ne. Wanda kuke yi a durƙushe, tafin hannu a ƙasa, goshi yana gab da taɓa daɓe, kuna fuskantar hoton mamaci, wannan siffar sujada ce, bai halatta ka yi shi ba ko da jarrabawarka ta dogara a kansa. Ban ce wanda ya yi shi bisa jahilci da nufin ladabi ya kafirta ba, kada kuma ka kafirta abokan ajinka, amma aikin haramun ne mai girma, kuma ƙofa ce da bautar gumaka ta shigo ta cikinta tun a mutanen Annabi Nuhu, waɗanda suka fara da siffanta mutanen kirki don tunawa da su. Adalci ne in faɗa cewa mu ma Hausawa muna da namu laifin, domin durƙuso da faɗuwa gaban sarakuna da malamai suna cikin abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi gargaɗi a kai, saboda haka wanda yake faɗuwa ƙasa a zauren mai unguwa bai kamata ya fi kowa ɗaga murya a kan ɗan kareti ba.

Mafita tana da sauƙi fiye da yadda kake zato. Ka samu malaminku shi kaɗai, ba a gaban ɗalibai ba, ka gaya masa cikin ladabi cewa za ka tsaya a sahu, ka zauna idan an zauna, amma gaisuwarka sallama ce da ɗora hannu a ƙirji ko musafaha. Idan Musulmi ne, ka roƙe shi ya sauke hoton daga gaban ɗaki, domin ba da hoton ake koyon naushi ba. Idan ya ƙi, ya ce sai ka dafa ƙasa, to ka nemi wani ajin, ɗamarar ta jira.

Dukan fuska kuma an hana shi a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa idan ɗayanku zai yi faɗa ya nisanci fuska. A kan wannan da kuma hana cutarwa ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta haramta damben zamani a zamanta na 1987, kuma damben gargajiya namu bai tsira daga wannan illar ba. Kareti yana da sassa uku: koyon tushe, da kata wato jerin motsin da mutum yake yi shi kaɗai, da kumite wato karawa. Biyun farko babu magana a kansu. Karawa kuma a dokokin hukumar wasan ta duniya ana janye hannu ne kafin ya cutar, wanda ya wuce iyaka a hukunta shi. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba a wasan ƙarshe ya harbi Sajad Ganjzadeh na Iran da ƙafa a kai har ya suma, aka kori Hamedi, zinariya ta koma ga wanda ya faɗi. Irin wannan karawa mai iyaka, da safar hannu da kariyar haƙora, ta halatta in dai ba ka nufi fuska da duka na gaske ba. Salon da ake neman a sumar da abokin karawa kuwa, hukuncinsa na dambe ne.

Saura dalilin da ya kai ka, wato kare kai. Muslim ya ruwaito cewa wani ya tambayi Annabi (SAW) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya, ya ce kada ka ba shi, idan ya yaƙe ka ka yaƙe shi, idan ya kashe ka kai shahidi ne. Malaman Malikiyya sun ce ya halatta a tunkuɗe mai kawo hari bayan an gargaɗe shi in yana fahimta kuma akwai sarari, a fara da mafi sauƙi, kada a wuce abin da zai kawar da sharrinsa. Wanda ya juya ya gudu ba a bin sa da duka, wanda aka kama hukuma ake miƙa wa. Kare dukiya izini ne, ba wajibi ba ne, don haka idan mutum uku suka sake tare ka da wuƙaƙe a lungu, ka ba su wayar ka tsira da ranka, babu zunubi a kanka. Haramun ne kuma ka je neman waɗanda suka yanke ka don ramuwa, ko ka gwada abin da ka koya a kan ƙannenka da yaran shago.

Ka lura da sallar Magariba, domin yawancin azuzuwan nan da yamma ake yinsu. Ka tabbata wandonka ya rufe cibiya zuwa gwiwa, kada ka yi karawa da mace, ƙanwarka kuma in tana so ta koya a hannun mace cikin mata. Kawunka kuwa ka kai masa wannan amsa da kanka, ka fara da gaya masa cewa ya yi daidai a kan hoton kafin ka zo kan ɗamara. Idan malaminku ya amince da gaisuwar da na faɗa maka, ka shiga jarrabawar wata mai zuwa. Wallahu a'alam.