Ga 'yar'uwar da ta ce tana ibada amma ta kasa gane kanta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina sallah, kina azumi, amma ji kike kamar wata ce daban take yi, har kika tambaya ko da gaske kusantar Allah yana sa mutum ya san kansa. Tambayarki ta taɓa ni ƙwarai, domin na shafe shekaru a cikin wannan hali.

Abin da na gano a kaina shi ne, ina yi wa Allah magana amma ba na gaya masa gaskiya. Addu'o'in da na haddace nake jerowa, "Allah Ka yafe mana zunubanmu", a dunƙule, ban taɓa kiran laifi ɗaya da sunansa ba. Ranar da abin ya sauya, wata ƙawata ce ta kira ni da albishir cewa ta samu abin da ni ma na daɗe ina roƙo. Bakina ya ce "Allah Ya sanya alheri", ƙirjina kuwa ya yi nauyi kamar an ɗora dutse. Da na idar da sallar isha'i na kasa tashi daga kan darduma. Na ɗaga hannu, na daɗe ban ce komai ba, can na ce: "Ya Allah, hassada nake yi mata." Wallahi sai da kunya ta kama ni, ga shi ni kaɗai ce a ɗakin. Duk tsawon rayuwata ina ɗaukar kaina mai tsarkin zuciya, ashe ban taɓa leƙa ciki ba ne.

Me ya sa sai a gabansa na iya faɗa? Domin a gaban mutane kullum kare mutuncinmu muke yi, har mu ma mu yarda da abin da muke nuna musu. Shi kuwa Ya riga Ya sani. A Suratu Ƙaf, aya ta 16, Ya ce Ya san abin da rai ke saƙa wa mutum, kuma Ya fi kusa da shi fiye da jijiyar wuyansa. To me za ki ɓoye? A Suratul Hashri kuma, aya ta 19, Ya gargaɗe mu kada mu zama kamar waɗanda suka manta da Allah, sai Ya mantar da su kawunansu. Na sha karanta ayar nan, amma sai bayan wancan dare ta zauna mini.

Game da bushewar zuciyar da kike ji, don Allah kada ki yanke wa kanki hukuncin munafunci. Sahabi Hanzala ya taɓa jin haka, ya kai kukansa wurin Annabi (SAW) cewa a majalisinsa imani yana cika masa zuciya, amma da ya koma cikin iyali da neman abinci sai ya shagala. Annabi bai tsawata masa ba, ya nuna masa cewa haka ɗan Adam yake, wani lokaci haka, wani lokaci haka. Wannan damuwar ma da ta sa kika yi tambaya alama ce ta rai mai zargin kansa, wanda Allah Ya yi rantsuwa da shi a farkon Suratul Ƙiyama.

Ni dai abin da na riƙe ƙarami ne. Bayan sallah ɗaya a rana ina zama minti 10 ba waya a hannu, in gaya masa abu ɗaya na gaskiya game da ranar, da harshena, ko tsoro ne, ko riya, ko wata ni'imar da na raina. Wasu ranakun hawaye su zo, wasu ranakun in tashi ban ji komai ba, amma ba na fashi. Ƙawar tawa kuwa, na fi wata biyu ina tilasta wa kaina yi mata addu'a da sunanta kafin nauyin nan ya sauka daga ƙirjina.

Ki gwada daga daren yau, ki fara da abin da kika fi jin kunyar faɗa. Zan sa ki a addu'a, ni ma ki sa ni.