Haɗa Hotuna a Kwamfuta: Fasaha ce ko Ƙarya?

Tambaya: Malam, ina da shagon ɗaukar hoto a Garwa. Abokina ya ce haɗa hotuna a kwamfuta ha'inci ne, ba fasaha ba. Yaya kake gani?

Amsa: Ɗan'uwa, abin ya girmi kwamfuta. Tun wajen 1919 a Jamus, wata mai zane, Hannah Höch, take yanka hotunan jarida da almakashi tana liƙawa, kuma yau ayyukanta suna gidajen adana zane. Photoshop, manhajar gyaran hoto a kwamfuta, sai 1990 ya fito.

A ganina, ha'inci sai in ka ce wa mutane haka abin ya faru. Amma ka ɗauko hoton makiyayi daga bakin Binuwai ka tsayar da shi gaban dutsen Rumsiki da ke arewacin Kamaru, kowa ya san ƙirƙira ce. In za ka haɗa, ka sa kowane hoto a shimfiɗarsa daban (wato layer, kamar takarda a kan takarda), ka rufe gefen da ba ka so maimakon gogewa, don ka iya dawo da shi. Wurin da yawanci ake faɗuwa shi ne haske. In rana ta bugi dutsen daga hagu, dole ta bugi makiyayin daga hagu, inuwarsa ta kwanta dama. Ka kuma dusashe abin da ke nesa, kamar yadda ƙurar hunturu take yi. In kuɗin Photoshop ya yi maka yawa, GIMP, wanda yake irin aikinsa, kyauta ne.