Dodona Ya Fito Daga Ramin Galamse, Amma Masu Saurare Sun Yi Barci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Aboabo, nan Kumasi. Da rana ina gyaran waya a kasuwar Kejetia, da dare ina rubutu. Na rubuta labarin fim shafi 80 a kan wani dodo da ya fito daga ramin galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya shigo Zongo yana kashe mutane, sai wani direban pragya, keken haya mai ƙafa uku, ya tashi yaƙarsa. Na karanta wa abokaina a bes ɗinmu na ataya. Farkon ya kama su, amma da na kai tsakiya kowa ya koma kan wayarsa, ɗaya ma har da minshari. Sun ce faɗan ya yi yawa kuma duk iri ɗaya ne. Don Allah yaya ake tsara irin wannan labari, kuma su wa ya kamata su kasance a cikinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda ya yi minsharin nan ka ƙara masa ataya, don ya yi maka aikin da wasu ke biyan kuɗi a yi musu. Ya nuna maka daidai inda labarin ya mutu.

Daga bayaninka na gane ciwon. Dodonka ba shi da doka. Yana fitowa, ya kashe, a yi faɗa, ya koma, gobe ya sake fitowa. In haka ne, faɗa na biyar bai fi na farko ba, sai dai a ƙara yawan jini. Abin da ke riƙe mai kallo a fim ɗin dodo ba ƙarfin dodon ba ne, tambayoyi ne guda uku da yake ɗauke da su a ransa: me ya fito da shi, wa yake bi, kuma me ke kashe shi. Duk tsarin labarin hanya ce ta ba da waɗannan amsoshi a hankali, kowace amsa a kan farashinta.

Ba sai mun je Amurka neman misali ba. Ka tuna macijin rijiyar Kusugu a Daura, rijiyar da har yau tana nan ana zuwa kallo. Macijin ba ya bin mutane gida gida. Yana da doka ɗaya: ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Garin ya saba, ya haƙura, ya tsara rayuwarsa a kan wannan ƙangi. Sai baƙo ya iso da dare, Bayajida, ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa. Ita ce ta faɗa masa dokar. Yana kuma ɗauke da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa tun kafin ya san inda za ta yi amfani. Ya je ya sare kan macijin ya ɓoye. Da gari ya waye mutane suka yi ta da'awar su suka kashe, amma babu mai iya kawo kan. Ka duba da kyau: akwai doka, akwai mai sanin dokar, akwai makamin da aka dasa tun farko, akwai maƙaryata, akwai shaida. Faɗan kansa jimla biyu ne kawai a bakin mai ba da labari, amma ga shi ƙarni bayan ƙarni ana maimaitawa.

Wani masani ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya fitar da nazari a 1928 bayan ya bi tatsuniyoyin ƙasarsu kimanin 100. Ya tarar da cewa komai yawansu, matakai 31 ne ke ta dawowa, matsayin mutanen ciki kuma 7 ne kacal, har da wanda ya kira jarumin ƙarya, mai neman cin ladan aikin wani. Da ya zauna gaban wata kaka a Daura ko a Sabon Zongo, da ya ji su duka kafin wutar murhu ta mutu.

To mu koma raminka. Ka yi sa'ar wuri, ban sani ba ko ka lura. Ruwa ba ya tsami banza, dodon kirki kuma bashi yake zuwa karɓa. Fim ɗin Godzilla na farko ya fito a Japan a 1954, shekara 9 bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki, kuma gwajin nukiliya ne ya tayar da dodon daga teku. Masu kallo sun san tsoron da ake nufi tun kafin ya nuna kai. Kai ma masu kallonka sun ga yadda kogin Offin da Pra suka koma kalar kunu. Sun san injin canfan na masu haƙar zinariya, sun san zaibar da ake murza ƙasa da ita don kama zinariya, da yawansu sun san gidan da aka yi zaman makokin yaron da rami ya rufta da shi. Saboda haka kada dodonka ya kashe duk wanda ya gani. Ka ba shi doka. Misali: yana bin zinariyar ramin nan ne, da duk hannun da kuɗinta ya shiga. Wanda bai ci ba, ko a gabansa ya tsaya wucewa zai yi.

Da ka sa wannan, tsarin zai fara gina kansa. A ƙa'idar masu rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne, don haka shafinka 80 fim ne na awa ɗaya da minti 20. Shafuka 10 na farko, a ga laifin da mutuwar farko. Zuwa wajen shafi na 20, abin ya taɓa direban pragya ta yadda ba zai iya cewa ba ruwansa ba. Wannan ɓangaren ka riga ka iya, tunda abokanka ba su yi barci a nan ba.

Tsakiya ce wajen aiki, kuma a nan zan daɗe. Tsakiyar fim ɗin dodo bincike ce sanye da rigar faɗa. Kowane karo dole jarumi ya fito da sabon sani, kuma ya biya shi da wani abu. Karo na farko, su je da adduna da bindigar toka, su gane ƙarfe ba ya cinsa, su bar mutum ɗaya a wurin. Karo na biyu, jarumin ya lura dodon ya tsallake almajirin da ke kwance a bakin masallaci ya shiga gidan mai canjin kuɗi. Me ya sa? Ya fara lissafin waɗanda suka mutu: mai injin, dillalin zinariya, matar da aka yi wa ɗan kunne. Sai a tsakiyar fim cif, wajen shafi na 40, ka juya wuƙar. Yana wanke pragyarsa da asuba, uwarsa na gefe tana dama koko tana suyar ƙosai, sai ta ce masa cikin hira, ba tare da ta san nauyin maganar ba, ai kuɗin da yayansa ya ba shi ya sayi pragyar daga ramin nan suka fito. Soso ya tsaya a hannunsa. Ya dubi keken, ya dubi kaskon ƙosan da shi ya saya mata da cinikin keken. Babu dodo a wannan fitowar, babu ihu, amma ita ce mafi ban tsoro a fim ɗin. Daga nan mafarauci ya koma abin farauta, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya yi minshari a bes zai tashi zaune.

Bayan haka abubuwa su yi ta lalacewa har wajen shafi na 60, inda dabararsa mafi kyau za ta rushe kuma ya rasa wanda ya fi ƙauna. Karon ƙarshe kuwa kada ya ci shi da ƙwanji. Ya ci shi da dokar. In zinariya dodon ke bi, to a tara duk abin da aka saya da ita a mayar ramin, kuma jarumin ne zai tuƙa pragyar da hannunsa, dodon na biye da shi, tun daga Aboabo har daji. Ga tseren motarka, ga faɗanka, amma yanzu kowane kwana yana da ma'ana.

Batun mutanen ciki, kada ka fara da tambayar wa ke da kirki wa ke da mugunta. Ka tambayi matsayin kowa game da dokar. Akwai wanda ya karya ta, yayan jarumin ke nan, kuma ka ba shi dalilin da mai kallo zai tausaya: kuɗin asibiti, kuɗin haya, aikin yi da babu. Akwai wanda ya san ta, irin Ayana. Akwai wanda ya ƙi yarda da ita saboda aljihunsa, wani mai kuɗi da ke cewa ɓarayi ne kawai ke kisan, a daina tayar wa mutane da hankali. Wannan ya fi dodon mugunta, don dodo bai san ƙarya ba. Shi ne kuma ya dace ya zama jarumin ƙarya a ƙarshe, ya tsaya gaban 'yan jarida yana karɓar godiya. Sai wanda za a rasa, wanda dole mu so shi tukuna. In za ka kashe abokin jarumi a shafi na 60, ka ba shi dariya da buri tun shafi na 5. Mai barkwanci ma yana da amfani, musamman a garin nan da Kumawood, masana'antar fim ta Kumasi, ta saba wa mutane da dariya, amma ka rufe masa baki duk lokacin da dodo ke kusa.

Mai sanin dokar nan shi ne inda matasanmu suka fi faɗawa rami. Ana kawo malam a minti na 70, ya yi tofi, dodo ya narke. To ina amfanin wahalar jarumi? Mai kallo zai ce da tun farko an kira malam da kowa ya huta. Malam ya ba da sani da addu'a da nasiha, ya ce a mayar da haƙƙi, amma mayarwar ta rage wa wanda ya ci. Kuma tunda ƙasar Asante ramin yake, wanda ya san tarihin dajin zai fi dacewa ya zama wata tsohuwa 'yar ƙauyen, mai jin yaren Twi kaɗai. Ka bar jaruminka ya yi ta fama da ita da Twi ɗinsa na Zongo. Kada kuma ka mai da maƙwabtanmu matsafa miyagu don sauƙin rubutu. Tare muke cin kasuwa, tare za mu kalli fim ɗin.

Su ma suna da taskar da za ka ɗiba da ladabi. Sasabonsam na tatsuniyar Asante yana zaune a kan manyan bishiyoyin daji, haƙoransa na ƙarfe, dogayen ƙafafunsa na reto yana kama mafarauta da su. Mu ma ai ba ma son gindin tsamiya ko kuka da tsakar rana. A tafkin Bosomtwe, kilomita kusan 30 daga Kumasi, al'ada ta hana ƙarfe taɓa ruwan, shi ya sa masunta ke hawa katako suna tuƙi da hannu. Ka ga irin dokar da nake nufi: gajera, kowa zai riƙe, kuma da jin ta ka san wani zai karya.

Saura maganar aljihu, don na san ba ka da kuɗin zanen kwamfuta. Na taɓa zama a wani gidan bidiyo a Zongo ana nuna fim ɗin gida. A minti na 5 dodo ya fito tsakar rana da fuskar roba, ana ganin wuyan rigar ɗan wasan ta ƙasa. Yara suka fashe da dariya, kuma har aka tashi ba su daina ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to a fim ɗin dodo gani tsoro yake kora. Lokacin da Steven Spielberg ke ɗaukar fim ɗin Jaws, wanda ya fito a 1975, kifin injin da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole ya koma nuna alamunsa: kiɗa, da gangunan da kifin ke ja a saman ruwa. Matsalar ta zame masa alheri. Kai ma ka nemi gangunanka. Igiyar da ake zura bokiti a rami ta miƙe da kanta. Sawun jar laka a kan tabarmar sallah, a unguwar da babu irin wannan ƙasa. Karnuka su yi shiru gaba ɗaya. Wuta ta ɗauke, wanda a nan ba sai ka biya kowa ya yi maka ba. Cikakkiyar surarsa ka ajiye ta sai karon ƙarshe, da dare, na ɗan lokaci.

Kafin ka taɓa shafi ɗaya, ɗauki takarda ka jera duk faɗan da ke cikin rubutunka. A gaban kowanne ka rubuta abin da direban pragya ya sani bayan faɗan wanda bai sani ba kafinsa. Duk wanda gabansa ya zauna fayau, ka soke shi, ko da shi ka fi so. Sannan ka koma bes ka karanta musu daga shafi na 30, ka zaunar da mai minsharin kusa da kai.