Amsa ga ƙanina na Gombe kan maganar ajiye gawa

Salam ƙanina, na ga tambayarka, wai da gaske ne mu Hausawan Kumasi mun koma ajiye gawa wata da watanni a mutuware kamar Kiristoci? Haba dai! A Zango in mutum ya cika da asuba, kafin la'asar an yi masa wanka da sutura an kai shi makwancinsa, kamar yadda kuke yi a Jekadafari. Kakanninmu fataken goro ne da suka baro garin Salaga da ke arewacin Ghana bayan yaƙin basasar 1892, kuma da addininsu suka iso.

Sannan wannan ajiye gawar ba Kiristanci ba ne fa, al'adar Asante ce, ƙabilar da ke nan Kumasi, sai an jira dangi sun iso daga Ingila da Amurka, an tara kuɗi, sannan a yi taro ranar Asabar kowa da baƙin zane ko ja. Ai a Linjilarsu ma, ranar da suka ce an gicciye Annabi Isa, ranar aka naɗe shi a likkafani aka sa a kabari tun kafin Asabar ta shiga. Su ma sun yarda wannan jikin zai tashi ranar ƙiyama, shi ya sa Katolika suka daɗe suna hana ƙona gawa, sai 1963 aka sassauta. Tambayi maƙwabtanka 'yan Billiri ko Kaltungo ka ji.

Inda abin yake mana ciwo wajen aure ne. Baffanmu 'yar Asante ya aura, tana zuwa cocinta amma ita ke tashi dafa mana sahur duk azumi. Da ta rasu danginta suka zo suka ɗauke ta, don a wurinsu mutum na dangin uwa ne, miji ba shi da ta cewa. Wajen wata biyu tana firij, Baffa ya kasa cin abinci, kullum yana ƙofar gida da butarsa yana cewa sanyi na damunta, har muka fara jin tsoron shi ma zai bi ta.

Ranar binnewa mun je, mun zauna a gefe da hulunanmu. Hoton na isowa Gombe ta WhatsApp sai surutu, wai mun narke cikin Tonawa, wato Asante, dama Hausarmu ba ta bambance mace da namiji. To mun ji. Amma cikin masu surutun ko mutum ɗaya bai bugo wa Baffa ya yi masa gaisuwa ba, kuma matar nan ita ta goye ni, ka ce in ƙi zuwa?