Tambayoyin Masu Karatu: Ɗawainiyar Motar Alfarma Bayan Ta Kwana Biyu

Tambaya: Malam, an yi mini tayin wata babbar mota salun ta alfarma mai shekara 12, kuma kuɗin da aka nema bai kai na ƙaramar mota sabuwa ba. Fenti da kujeru duk tsaf suke, sai dai na lura idan ta kwana a ajiye, bayanta ta ɓangaren hagu yakan sauka ƙasa, ba ya miƙewa sai an tayar da injin. Mai ita ya ce haka irinsu suke yi. Shin in saya?

Amsa: Malam, mota mai lafiya ba ta durƙusawa cikin dare ɗaya, saboda haka maganar mai ita ba abin kamawa ba ce. Yawancin manyan motocin nan ba a kan sifirin na ƙarfe suke zaune ba, a kan jakunkunan roba masu cike da iska suke, kuma akwai ƙaramin kwamfireso da ke hura su, da na'urorin da ke auna tsayin kowace kusurwa. Kamfanin Mercedes-Benz ya sa tsarinsa mai suna Airmatic a S-Class ta shekarar 1998, kuma ana samun makamancinsa a Audi A8 da BMW 7 Series da Lexus LS. Shi ne sirrin laushin tafiyar da ake yabon waɗannan motoci da shi, shi ne kuma yakan fara nuna tsufa, domin roba tana bushewa ta tsattsage daidai inda take lanƙwashewa.

Abin da ya fi tsagewar muni shi ne abin da take jawowa. An ƙera kwamfireson ne don ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta, to idan iska tana zurarewa, sai ya riƙa aiki ba ƙaƙƙautawa har ya ƙone, gyaran kusurwa ɗaya ya koma gyaran tsarin gaba ɗaya. Bakanike zai iya gano wurin yoyon ta hanyar fesa ruwan sabulu a jikin jakar da mahaɗar bututai, kuma idan jakar ce, a canza ta hagu da ta dama tare, tunda sa'o'in juna ne, sannan a saita tsayin motar da kwamfuta. Wasu sukan cire tsarin ɗungurungum su sa sifirin na ƙarfe. Motar za ta tafi, amma a ganina wanda ya yi haka ya zubar da ainihin abin da ya sayi motar dominsa.

Game da saye kuwa, farashin motar alfarma yana faɗuwa da sauri, amma kayan gyaranta ba sa bin sa ƙasa, suna nan a matsayin kayan mota mai tsada. Ka nemi takardun sabis ɗin da aka yi mata, ka je ka gan ta da sassafe kafin kowa ya tayar da ita, domin injin da ya yi sanyi ba ya ɓoye ƙara ko hayaƙi. Bayan haka a sa mata kwamfutar da ta dace da ƙirarta, kamar Xentry ga Mercedes, ISTA ga BMW, ko Techstream ga Lexus, saboda ƙananan na'urorin gama-gari galibi injin kaɗai suke karantawa, alhali motar tana ɗauke da kwamfutoci da dama. Idan bayan biyan kuɗinta ba za ka rage wani kaso mai kauri na gyaran shekarar farko ba, ka haƙura da ita.

Tambaya: Ni mace ce mai tuƙa irin wannan mota, ta yi tafiyar kilomita 130,000. An ce mini man giyarta na har abada ne, ba a canza shi, amma kwanan nan takan yi fizga idan tana sauya giya. Haka kuma na canza batir, bai shekara ba ya mutu.

Amsa: Hajiya, babu man da ba ya gajiya. Zafi yana rage masa ƙarfi, garin da ke goguwa daga faifan kulocin cikin giya yana gauraya da shi, sannu a hankali sauyin giya ya daina santsi. Kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera akwatin giya mai hawa takwas da BMW da Audi da Jaguar suke amfani da shi, ya taɓa ba da shawarar a canza man tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko bayan shekara takwas, musamman ga motar da ke shan wahala. Matatar man a jikin kaskon ƙasa take, don haka tare ake canza su, kuma da yake babu sandar awo, ana daidaita yawan man ne yayin da injin ke aiki, zafin man yana tsakanin digiri 30 da 50. Wannan ba aikin wanda zai yi kirdado ba ne. Kafin a taɓa komai a fara karanta kwamfutar giyar, domin idan faifan sun riga sun cinye, sabon mai ba zai dawo da su ba.

Batun batir yana da bayani mai sauƙi. A motoci da yawa na BMW da Audi, kwamfuta ce ke tsara yadda ake cajin batir gwargwadon tsufansa, saboda haka idan aka sa sabo dole a yi masa rajista a cikinta. In ba a yi ba, za ta ci gaba da yi masa cajin da ya dace da tsohon, wanda hakan ke rage masa kwana. Ki tabbatar kuma nau'in da aka sa miki, AGM (wanda ruwansa ke shanye a cikin zaren gilashi) ko na ruwa, da ƙarfinsa, sun yi daidai da wanda aka cire. Idan muka koma maganar mai, a lokacin juye kada a tsaya ga kaurin baƙin mai kawai, a duba lambar amincewar kamfani a jikin galan, irin su MB 229.5 ko BMW Longlife-01, yadda littafin motar ya nuna. Man birki kuma duk shekara biyu ake sauya shi, domin yana tsotsar danshi.

Tambaya: Malam, ina so in ƙawata tawa. Wilinta inci 18 ne, ina son in mayar da shi 22, in sa babban allo a gaba, sannan a ƙara wa injin ƙarfi ta kwamfuta. Da wanne zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, bari mu yi lissafin taya tukuna. Taya mai lamba 245/50 R18 tsayin gefenta ya kai kusan milimita 122. Idan ka koma inci 20, dole ka sa 245/40 domin faɗin da'irar ya tsaya yadda yake, in ba haka ba agogon gudu da birkin ABS (mai hana taya kullewa idan an taka birki) za su riƙa samun lissafin da ba daidai ba, gefen kuwa ya koma milimita 98. A inci 22 abin da zai rage bai wuce milimita 74 ba. Wannan gefen roba shi ke fara shanye duka kafin ya isa ƙafar mota, to idan ka rage shi haka, tafiya za ta yi tauri, wili ya riƙa lanƙwashewa a rami, bushin da sauran kayan ƙafa su riƙa mutuwa da wuri. Ni ba zan wuce girman da kamfanin ya lissafa a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko murfin tanki ba. Duk tayar da za ka saya, ka duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen tayar: 2321 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021.

Allo ba laifi ba ne, muddin irin wanda ake jonawa a soket ɗin asali ne. Kada ka yarda mai wayarin ya yanke waya ko ɗaya, domin kwamfutocin motar ta wayoyin nan suke magana da juna, wasu ƙirar ma da zaren haske suke aika sauti, kuma na'urar da aka jona ba daidai ba tana iya hana motar yin barci bayan an kulle ta, ka wayi gari batir ya sauka.

Ƙarin ƙarfi shi zan ajiye a ƙarshe. Injin mai turbo (na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska) yana karɓar sa, amma ƙarin zafi da matsi suna sauka a kan lagireto da giya da suka riga suka manyanta, kuma idan akwai sauran garanti, yana iya faɗuwa. Ka fara da sabbin bushin, da robobin da injin ke zaune a kai, da saitin ƙafa, da taya huɗu iri ɗaya masu inganci, ka tuƙa ta wata guda, sannan ka sake rubuto mana idan har yanzu kana jin ƙarfinta bai ishe ka ba.