Famfo mai fiffike: wa ya kamata ya saya, wa zai yi asarar kuɗinsa

Tambayar farko ta wannan makon daga wani bawan Allah ne a Kaduna mai kai wa kamfanoni da otal-otal dizal da ƙaramar tanka. Ya ce a Panteka an nuna masa famfon ɗura mai iri biyu, mai haƙoran giya da mai fiffike, mai fiffiken ya fi tsada, shin ƙarin kuɗin na da amfani ko dai zaƙin bakin ɗan kasuwa ne?

Alhaji, ga aikinka yana da amfani, amma bari in buɗe maka cikinsa tukuna don ka san abin da kake biya. Akwai rota, wani dunƙulen ƙarfe da ke juyawa cikin gidan famfon, ba a tsakiya aka sa shi ba, ya ɗan karkata gefe guda da gangan. Jikinsa an yanka ramuka, kowane rami da fiffike a ciki mai shiga da fita, in rota na juyawa sai fiffiken ya zamo waje ya manne da bangon gidan. Ɓangaren da sarari ke buɗewa nan mai ke shigowa, inda ya matse nan ake turo shi waje, shi ke nan. Tsohuwar dabara ce, tun 1874 wani Charles Barnes na Kanada ya yi mata rajista, kamfanin Blackmer na Amurka kuma sama da shekara 100 ke nan yana ƙera irinsa, har yau shi ake gani jikin tankokin mai da na gas.

Inda ya yi wa mai haƙora fintinkau shi ne wajen cinyewa. Haƙoran giya in suka cinye giɓi ya buɗe ke nan, mai ya dinga komawa baya, kullum famfo na ƙara rauni, kuma dizal da kananzir ba su da kauri balle su toshe giɓin. Shi kuwa fiffike in bakinsa ya cinye sai ya ƙara fitowa daga raminsa ya cike gurbin, don haka litar da yake ba ka a minti kusan tana nan har ranar da ya ƙare gaba ɗaya, ranar kuma makaniki zai kwance murfi ya zare tsofaffin ya zura sababbi ba tare da an cire famfon daga jikin mota ba. Sannan yana jan mai da kansa ko tiyo babu komai ciki, kuma yana tsotse ragowar da ke cikin tiyo, wanda kai da kake sayarwa da lita ka fi ni sanin darajarsa.

To amma fa abin da ya sa shi kyau shi ne kuma lagonsa. Tunda fiffike gugar bango yake kullum, yashi maƙiyinsa ne na farko, ƴan ƙwayoyi kaɗan sun isa su karce bangon su kuma cushe ramin fiffiken ya maƙale ya ƙi fitowa. Da ƙurar hunturunmu, da yadda yaran mota ke jefar da bakin tiyo a ƙasa, wallahi duk wanda ya sayi wannan famfo bai sa masa rariya a bakin shiga ba shi ya so. Kafin ka biya ka tambayi mai shagon ko yana da fiffiken canji da sil, wato abin da ke hana yoyo, na wannan lambar famfon, ka ce ya ɗauko ka gani da idonka, in ya fara cewa za a kawo daga Legas to ka ƙara gaba.

In ƙarami kake nema, irin su Piusi na Italiya akwai mai ba da lita 56 a minti, duro mai lita 200 bai cika minti huɗu ba, amma lita 5,000 sai ka yi awa ɗaya da rabi kana tsaye. Masu aiki da batirin mota kuma yawancinsu minti 30 aka ƙayyade musu sai a bari su huce. Kuma don Allah na dizal na dizal ne, kar a zuƙi fetur da shi, moton famfon fetur daban ake rufe shi saboda tartsatsi.

Ta biyu daga wani mai wurin cika gas na girki a Sakkwato. Ya ce famfonsa mai fiffike ne, da safe lafiya lau, da rana ta take sai ya dinga ƙara kamar an zuba tsakuwa a ciki kuma cika tukunya ya koma jinkiri, wani ya ba shi shawara ya canza fuli, wato faifan da bel ke juyawa, ya ƙara masa gudu.

Malam, kar ka kuskura. Ba gudu ne ya yi masa kaɗan ba, abin da ke isowa bakinsa ne ya gaza. Gas ɗin nan ruwa ne kawai saboda an matse shi, a bakin tafasa yake zaune cikin tanki, da bututun shiga ya ɗau zafin ranar Sakkwato ko matsi ya ɗan sauka sai ya fara komawa iska tun kafin ya kai famfo, kumfar ta shiga ta fashe a ciki, ita ce ƙarar da kake ji, tana cin fiffike tana cin sil tana wahalar da boris. Ƙara gudu ƙara kumfa ne. Manyan irin waɗannan da yawa juyi 640 a minti ne iyakarsu, moton lantarkinmu kuwa kusan 1,450 yake yi, shi ya sa aka sa fuli da bel ko giya a rage, ba ado ba ne. Ka duba farantin da ke jikin naka ka bi abin da aka rubuta.

Abin dubawa shi ne famfon ya kasance ƙasa da tanki kuma kusa da shi, bututun shiga gajere mai faɗi ba lanƙwashe-lanƙwashe, a yi masa inuwa ko farin fenti, a wanke rariya. Sai bawul ɗin da ke mayar da rarar gas cikin tanki in an rufe bakin fita. Irin wannan famfo duk abin da ya ɗebo sai ya tura, ba ruwansa da an rufe gaba, ƙaramin bawul na jikinsa na kare shi ne na ɗan lokaci, in ka bar gas na zagayawa a ciki zafi zai yi ya tafasa. Wannan aikin ƙwararre ne mai lasisi, a kashe komai a sauke matsi kafin a taɓa ko noti ɗaya.

Wata Hajiya daga Kano mai harkar man gyaɗa ta tambaya ko zai yi mata wajen ɗura jarkoki. Hajiya, in tataccen mai ne zai yi, da sharaɗin a rage gudu, don mai in ya yi kauri, musamman da sanyin safiya, fiffike ba ya saurin fitowa ya bi bango. In kuma man da bai kwanta ba ne mai ɓurɓushin tunkuza, ko manja da ya yi kauri, ni dai mai haƙora zan ce ki duba, kuma ki nemi wanda aka ƙera don kayan abinci, ba wanda ya taɓa shan dizal ba.

Na ƙarshe wani manomi ne da ya samu mai fiffike wanda aka taɓa amfani da shi da araha yana so ya ja ruwan fadama. A'a Baba, ruwan fadama yashi ne da laka, gidan famfon kuma baƙin ƙarfe ne zai yi tsatsa. Injin ban ruwa mai fanka da ka sani ya fi araha, ya fi ba da ruwa, kuma ko a kasuwar ƙauye za ka samu mai gyara shi.