Ku Tambaya Mu Amsa: Kafin a Kai Kayan Gida Bola

Tambaya: Assalamu alaikum. Fankar sama ta ɗakina sai gurnani take yi, ba ta tashi sai an tura ta da sanda, ko ta tashi ma iskar ba ƙarfi. Maigida ya ce a sayi sabuwa kafin zafin Afrilu. Ko tana gyaruwa? Daga wata uwargida, Bukoki, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki roƙi maigida ya dakata tukuna. Fankar da ke tashi in an tura ta, injinta na da rai. Yawanci kondansatar ce ta gaji, wato ƴar batir ɗin nan mai waya biyu da ke saman fankar, wadda ke ba ta ƙarfin tashi. A kashe wuta daga babban makunnin gida, a kwance kondansatar, a tafi da ita shago don a karanta lambar jikinta. Ta fankar sama galibi 2 zuwa 2.5 µF ce, ta tsaye kuwa 1 zuwa 1.5, a volt 400 ko 450. A sa daidai da tsohuwar. Wasu masu gyara kan sa babba don fanka ta ƙara gudu, amma hakan na dafa wayoyin ciki har su ƙone.

Kafin a saya, a juya fukafukin da hannu. In sun yi tauri ko suna ƙara, ƙurar hunturu ce ta shiga rulma, wato boris. A canza da mai lamba ɗaya, 6201 ko 6202 a mafi yawansu. Fankar tsaye kuwa ɗigo biyu ko uku na man keken ɗinki a bakin sandar injin sun isa. Don Allah ban da man gyaɗa, daskarewa yake yi ya kama ƙura. Sai in an ji warin ƙuna ne za a yi maganar sake naɗin waya, a nan kuma a gwada kuɗin naɗin da na sabuwa.

Tambaya: Firigona ya daina sanyi. Sau biyu ana ɗura masa gas cikin wata huɗu. In sayar da shi ne? Daga wani mai sayar da ƙanƙara, Tawa.

Amsa: Malam, gas ɗin firigo ba ya ƙarewa kamar na girki, zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu. In ya ragu, to akwai huda, kuma ɗurawa ba tare da an toshe ta ba zuba ruwa ne a kwando. Ka sa mai gyara ya nemi wurin da kumfar sabulu, ya liƙe, ya canza ƴar matatar jan ƙarfe da ke baya, ya zuƙe iskar da ta shiga, sannan ya ɗura. Nau'in gas da nauyinsa a giram suna rubuce a takardar jikin firigon: R134a ko R600a. Ba a haɗa su, kuma R600a yana kama wuta, don haka ba a kusantar bututunsa da wutar walda sai an fitar da shi sarai. Hudar nan sau da yawa wuƙa ce ta yi ta wajen ɓamɓare ƙanƙara. A kashe firigo, a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki, za ta saki da kanta.

In kuwa injin na yin "ƙas" ya mutu bayan ƴan daƙiƙoƙi, a fara duba rele, wato ƴar na'urar da ke tayar da injin, da ke manne a gefensa kafin a yanke masa hukunci. Robar ƙofa ma a gwada ta: a maƙale takarda a rufe, in ta zare cikin sauƙi sanyi na zurarewa. A bar tazarar santimita 10 tsakaninsa da bango, kuma in an ɗauke wuta an dawo da ita, a jira minti 5 kafin a kunna.

Tambaya: Tukunyar alminiyam ta huje, bokitin roba ya tsage, tiyon gas kuma ya fara tsattsagewa. Daga wata ɗaliba, Yantala.

Amsa: Tukunya ki kai wa maƙera a kasuwar Katako, su toshe da ƙusar alminiyam su daddale ta. Kada ki yarda a liƙe abin girki da darma, guba ce. Bokiti kuwa, a huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, sannan a narka roba irin tasa da ƙarfe mai zafi a bi layin. Lambar 2 ko 5 da ke gindinsa ita ke nuna irin robar.

Tiyon gas kam ba ma ba da shawarar gyara shi ko kaɗan, ƴar uwa. Kada a naɗa masa salatif ko robar taya. Ki rufe kan tukunyar gas ɗin yau ɗin nan, a sa sabon tiyo, a ɗaure bakinsa biyu da maɗauri, sannan a shafa ruwan sabulu a mahaɗar a ga ko zai yi kumfa kafin a ƙyasta ashana.